Abin da aka faɗa kan WRX da ta lalace bayan an yi mata kwalliya

Maganar ta taso ne kan wata mota mai turbo, Subaru WRX, da aka sauya wa bututun shan iska da salansa, aka kuma sa mata bawul ɗin nan mai yin "fishsh" idan an saki totur. Tun daga nan take shaƙewa, har ta mutu a kan danja.

Yawancin masu gyara sun ɗora laifin a kan bawul ɗin, kuma ni ma na gamsu. Na'urar awon iska da ake kira MAF ta riga ta auna iskar da ta shigo, kwamfutar motar ta ba da mai daidai da ita, sai bawul ya fesar da iskar waje. Mai ya yi yawa ke nan, shi ya sa filogi ke fitowa baƙi ƙirin, salansa na warin ɗanyen fetur. Shawararsu a mayar da na asali, wanda ke juya iskar cikin bututu.

Sabon bututun shan iska mai faɗi kuwa rikita awon MAF yake yi. Idan mai ya gaza, kwamfuta kan nuna lambar matsala P0171, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ƙarancin mai lokacin da turbo ke hurawa yana iya ƙona fistan. Sai an sake saita kwamfutar kafin a taka ta da ƙarfi.

Wani dattijo ya ce a fara hura hayaƙi cikin bututan a ga inda yake yoyo, sannan a riƙa sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba.