Ƙafa Shida ta Rumawa: Musayar Baitoci

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure, ga awon waƙar Latin ta da,
Ɗangon mawaƙi Barjil in kun auna, ƙafafunsa guda shida.
Gaɓa mai nauyi ce a gaba, sassauƙa biyu su bi ta nan,
Ko masu nauyi biyu su tsaya, duk awonsu ɗaya ne a nan.
Ta biyar ta fi son gaɓa uku, ta shida gaɓa biyu ce tilas,
Cikin ta uku ake jan numfashi, in ba a ja ba ɗango ya yi laƙwas.

Gwaggo Mai Baiti:
Malam, ka ƙirga ƙafa daidai, amfaninta ne ba ka ce ba.
Duba Iniyad, waƙar Barjil, littafi na 8, ɗango na 596 bai tsaya ba:
Ƙafa biyar masu gaɓa uku, sukuwar doki, kunne bai musa ba.
A littafi na 3 ga makahon dodo, ƙafa huɗu nauyi, bai yi sauri ba,
Sau uku gaɓa ta shige 'yar'uwarta, mai karatu bai huta ba.

Ɗan Auta:
Gwaggo ta gama magana! Amma wannan ai karin waƙar Larabci ne na Mutaƙarab, ko?

Yaya Mai Awo:
A'a ƙanena. Mutaƙarab sassauƙa ɗaya ce sannan masu nauyi biyu. Mutadarak ya fi kusa, inda fa'ilun (sassauƙa biyu da mai nauyi ɗaya) ke musanya da fa'lun (masu nauyi biyu), sai dai shi sassauƙan ne ke gaba. Kuma waƙar Barjil ba ta da amsa-amo. Malam, ɗangonka na ƙarshe ya zarce sauran tsawo.

Malam Mai Alli:
Bayani na zo yi, ba gasar kari ba. Kawo naka mu auna.

Yaya Mai Awo:
Ku bar mawaƙa, ku zo ga Sisaro, shi ne gwanin iya magana,
A 63 kafin Miladiyya ya tsare Katilina da zargin makirci a gaban majalisar dattawa.
Kalmar "nihil" (ba komai) sau shida ya jera, jaddadawa ce mai ƙona,
Tambaya kan tambaya, ba don amsa ba, don majalisa ta auna.

Gwaggo Mai Baiti:
Ɗana, ɗangonka na biyu ya ɓalle, "na" ka ɗauko, ka faɗa "wa".
Gwanin naka da ya taɓa waƙa, mawaƙin zambo Jubenal ya yi masa dariya kuwa:
"fortunatam natam" Sisaro ya haɗa, sauti ya ci karo da ɗan'uwa.
Mawaƙi Iniyus ma ya cika karangiya, "t" kan "t" har harshe ya gaza juyawa.

Ɗan Auta:
Mawaƙi Obid ya ce Kufid, gunkin soyayya, ya sace masa ƙafa guda,
Sai ɗango mai biyar ya riƙa bin mai shida.
Yaya, ƙafarka wa ya sace? Ka nemo ta a gida.

Yaya Mai Awo:
Gwaggo, na ji, amma ɗango mai biyar ɗin da autanki ya ambata ba ƙafa biyar a jere ba ne. Biyu da rabi ne, a tsaya, sai wasu biyu da rabi, kuma rabin ƙarshe ba ya karɓar masu nauyi biyu a madadin gaɓa uku. Ya ƙirga tukuna kafin ya yi min ba'a.

Malam Mai Alli:
Har yanzu ina jiran wanda zai nuna min gaɓar da ta yi yawa a ɗangona.