Akwatin malala na ratayawa a tankin ruwan gishiri: mai bututun U ko mai famfon zuƙe iska?

Mai Murjani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tanki ne mai galan 75, wajen lita 284, tsawo santimita 122, faɗi 46, cike da ruwa da kifi, ba a huda gilashinsa ba. Ina so in haɗa masa tankin ƙasa, wato wani tanki da ake ajiyewa a ƙarƙashinsa ruwa na zagayawa tsakaninsu, don in sauke injin tace kumfa da hita can. Iri biyu na gani na akwatin da ake ratayawa a baya don sauke ruwa zuwa tankin ƙasa: mai lanƙwasasshen bututu irin na Eshopps da LifeReef, da kuma na CPR da ake haɗawa da ƙaramin famfo. Wanne ya fi aminci idan an ɗauke wuta aka dawo da ita? Wane girma kuma zan ɗauka?

Baban Tanki:
Wa alaikumus salam, Malam. Dukansu dabara ɗaya ce. Ruwa ba ya hawa bakin gilashi da kansa, sai an zuƙo shi ta hanyar da babu iska a ciki, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Akwati ɗaya yana ciki, mai haƙora, yana kwasar ruwan sama. Ɗaya yana waje, daga shi ruwa ke gangarawa tankin ƙasa. Idan wuta ta ɗauke, kowane akwati yana riƙe ɗan ruwa, bakunan hanyar suna nutse, zuƙon bai tsinke ba. Wuta na dawowa ya ci gaba. Abokin gaba ɗaya ne: iskar da ke taruwa a ƙololuwar hanyar.

A nan suka rabu. Mai bututun U da saurin ruwa yake korar kumfa. Bututun siriri ne, ruwa na gudu, duk kumfar da ta shiga sai ya yi awon gaba da ita. Na CPR faffaɗar hanya ce da aka gina a jikin akwatin, ruwa na tafiya a hankali, kumfa ta samu wurin zama. Shi ya sa aka yi masa ɗan baki a sama inda ake jona siririn tiyo zuwa famfon Aqua Lifter, yana zuƙe iska dare da rana. Ranar da tiyon ya toshe da gishiri ko gansakuka, ko robar cikin famfon ta gaji, iska za ta taru har zuƙon ya yanke, famfon ƙasa kuwa, mai mayar da ruwa babban tanki, bai san an yi ba, yana ta turo ruwa sama.

Don haka ni mai bututun U nake zaɓa, domin babu wani inji da rayuwarsa ta rataya a kai. Amma da sharaɗi, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami: kada ka sayi babba don "ya fi aminci". Akwatin da aka yi don galan 800 a awa, ka ba shi 250, ruwa zai riƙa rarrafe a bututun, ka ga kumfa kamar ƙwayar wake a saman lanƙwasar, gobe ta zama kamar ƙwai. Tankinka yana son ruwan da ke bi ta tankin ƙasa ya kai ninki 3 zuwa 5 na girmansa a awa, wato lita 850 zuwa 1,400. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwalin famfo, tsayin da zai tura ruwa da gwiwoyin bututu suna cinye kaso mai yawa. Tara bokiti a bakin bututun: lita 10 cikin daƙiƙa 30 shi ne lita 1,200 a awa. Da wannan lambar za ka zaɓi akwati, wanda famfonka zai cika masa kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ko sama, ba tare da ya kai ƙarshe ba.

Tayar da mai bututun U: cika akwatunan biyu, tura siririn tiyo har ƙololuwar bututun, tsotse iskar, toshe bakin tiyon da yatsa, ka zare shi.

Umman Kifaye:
Baban Tanki ya yi bayani, amma a yi wa na CPR adalci. Bai cika tsayi a saman tanki ba, kuma idan famfon ƙasa mai rauni ne ya fi mai U haƙuri, tunda ba da gudun ruwa yake korar iska ba. Samfurin CPR mai suna CS90 galan 600 ne a awa, wajen lita 2,270, ya ishi wannan tanki. A nutsar da bakin tiyon da ke fitowa daga Aqua Lifter cikin ruwa don kada iska ta komo idan ya tsaya, a kuma ajiye na biyu a gefe.

Abin da ya fi zaɓen akwati muhimmanci shi ne lissafi biyu. Na farko, idan zuƙon ya yanke. Daga saman ruwa zuwa bakin gilashi a ce santimita 2.5 ne: 122 sau 46 sau 2.5, lita 14 ke nan. To sashen da famfo yake a tankin ƙasa kada ruwan da ke saman bakin famfon ya kai lita 14. Famfo ya sha iska ya fi ɗaki ya sha ruwan gishiri. Idan akwai na'urar da ke ƙara ruwan daɗi da kanta, ita ce za ta ɓata wannan lissafin: tana ganin ruwa ya ragu a ƙasa sai ta yi ta zubawa, ga ambaliya ga gishiri ya tsinke. A sa makunni mai tasowa da ruwa a saman tanki wanda zai kashe famfon ƙasa da na'urar duka biyun.

Na biyu, idan wuta ta ɗauke, ruwa zai komo ta bututun famfo. Huda rami na milimita 3 a jikin bututun, ƙasa kaɗan da saman ruwa, don iska ta shiga ta yanke zuƙon, ka bar wa tankin ƙasa sararin lita 20. Sannan ka zare wuta da hannunka sau uku ko huɗu kana tsaye, ka ga inda ruwa ke tsayawa da yadda yake tashi.

Mai Murjani:
Allah ya saka da alheri. Ƙarar kurɓar ruwa fa? Kuma huda gilashin ba zai fi ba?

Baban Tanki:
Ƙarar daga iska da ruwa ne ke kokawa a bakin magudana. Sa gajeren bututu a tsaye irin na Stockman a akwatin waje, mai ƙaramin ramin iska a hularsa. Fara da ƙaramin rami, kana faɗaɗawa har ƙarar ta kwanta. Soson da ke zuwa da akwatin, ko ka wanke shi duk kwana biyu zuwa uku ko ka sa raga a madadinsa, don katantanwa ɗaya ta isa ta toshe magudanar inci 1. Rufe bututun U daga haske, a wanke shi da buroshi da ruwan khal duk wata.

Hudawa ta fi, babu musu, amma sai an kwashe tankin, kuma sai ka tabbatar gilashin ba gasasshe ba ne, irin wanda ke tarwatsewa gaba ɗaya da an taɓa shi da abin huda. Sa farin allon waya a bayansa, ka duba ta tabarau mai tace ƙyalli kana juya shi. Idan ka ga layuka ko tabo-tabo, kada ka kusance shi.