Ranar da darasin tantanin cikin ƙwayar halitta ya zauna muku a ka

Sabon malami, Mabera:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Watana 4 ke nan ina koyar da bayoloji a wata sakandare. Jiya na shiga aji da zanen ƙwayar halitta da na kwana ina yi a kwali, na nuna retikulum mai kaushi da mai santsi, na nuna Golji da laisosom, wato sassan cikin ƙwayar da tantani ya kewaye, yara suna amsawa kamar karatun allo. Da na tambayi wata yarinya ta ina furotin ke bi kafin ya fito daga ƙwayar, sai ta ce, "Malam, ai ba ka rubuta wannan ba." Gaskiyarta, don ni ma hadda na yi na ci jarrabawa. Don Allah duk wanda ya taɓa koyon darasin nan ko koyar da shi, ya ba mu labarin yadda abin ya zauna masa.

Ɗalibar likitanci, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Malam. Ni kakata ce ta buɗe mini kai ba tare da ta sani ba. Tana da ciwon suga, ni ke yi mata allurar insulin safe da yamma. Wata rana ina riƙe da kwalbar ta ce, "Ke 'yar boko, mu da muke da lafiya da can, wa ke yi mana wannan ruwan?" Na yi tsuru-tsuru, alhali a satin muka yi darasin.

Daren nan na ajiye zanen, na bi insulin shi kaɗai tun daga farko. Furotin ne, a ƙwayoyin beta na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ake yin sa. Raibosom, ɗan injin ƙera furotin, ne ke fara saƙa shi, a bakin zaren kuma akwai wata 'yar alama da ke ja shi zuwa bangon retikulum mai kaushi. Kaushin ma ba komai ba ne illa raibosom da suka manne a jiki kamar ƙarangiya a zane. A ciki ake yanke alamar, zaren ya naɗe, sai wani ɓangare na tantanin ya kumbura ya tsinke da kayan a cikinsa, ya nufi Golji. Ya shiga ta fuska ɗaya ya fita ta ɗaya a cikin wani sabon ƙunshi, a nan ake datse tsakiyarsa ya zama insulin na gaske. Ƙunshin na zaune yana jira har suga ya hau a jini, sannan ya haɗe da bangon ƙwayar ya juye. Da safe na yi wa kaka bayani da Hausa, ta ce to Allah Ya ƙara basira, amma allurar dai a yi a hankali. Shawarata, ka ba su kaya guda su raka shi har ƙofa.

Ɗan Goronyo:
Malam, ka tashi gobe ka tai Ramin Kura ka sayo jan albasa, shi ke nan. Mu da muka tashi cikin fadama ba mu san muna kwana kan darasi ba. Malaminmu ya ɓare 'yar yanar nan ta bayan albasa, ya sa a madubin ƙara girma, muka ga ɗakuna jere, kowane cike da jan ruwa. Jan nan yana cikin bakyul, wata randa mai tantaninta daban da ke cinye mafi yawan wurin. Ya ɗiga ruwan gishiri, muna kallo jan ya tsuke ya janye daga bango. Har da hawayen yankan albasa: enzayim ɗin da ke jawo shi, wato furotin mai sarrafa sinadari, yana cikin randar, abin da yake aiki a kai yana waje, wuƙa ce ke haɗa su. Tun ranan nan na gane amfanin raba ɗaki.

Tsohon malami, Gawon Nama:
Ɗana, shekara 31 na yi da alli kafin in yi ritaya, bari in sa baki. Da misalin kasuwa nake koyarwa: retikulum masaƙa, Golji tashar lodi, ƙunshi kuma ɗan dako. Yara na so, amma daga baya na ga ɓarnarsa. Ɗan dako yana sauke buhu ya koma gida, shi kuwa ƙunshin nan yankin bangon masaƙar ne da kansa, in ya isa kuma ya narke ya zama bangon tashar. Tun daga tantanin da ya lulluɓe nukiliyas, wanda yake haɗe da retikulum, har zuwa bangon waje, fata guda ce ake yanka ana ɗinkawa. In ba ka faɗi wannan ba, sun san sunaye ne kawai.

Kuma ka ba su labarin mutanen, yana riƙe yaro. Camillo Golgi ɗan Italiya ya fara ganin Golji a 1898, a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mujiya, da rinin azurfa. Shekaru sama da 50 wasu masana na cewa dattin rini ne kawai, sai da madubi mai aiki da elektiron ya zo a shekarun 1950 gardama ta mutu. Christian de Duve a Beljiyam kuwa da hantar ɓera yake aiki. Ya auna wani enzayim ya ga kaɗan, ya bar samfurin kwanaki a firij, ya dawo ya tarar ya ƙaru sosai. Ashe a ƙulle yake cikin wasu 'yan jakunkuna da suka fashe. Su ne jakunkunan narka abubuwa da ya raɗa wa laisosom a 1955, ya kuma samu kyautar Nobel a 1974 tare da Albert Claude da George Palade. Abu na ƙarshe, maitokondiriya, mai samar wa ƙwaya ƙarfi, ba ta cikin wannan gidan duk da tana da tantani har biyu. Nan ɗalibaina suka fi zubar da maki.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Arkilla:
Baba Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni sai da na fara aiki na fahimci laisosom. Da damina gilasan jinin masu zazzaɓi ba sa ƙarewa a gabana, kullum ina ganin ɗigon baƙi-baƙi a jikin ƙwayar maleriya. Jan ƙwayar jininmu in ta nuna ba ta da nukiliyas, ba Golji, ba retikulum, buhun himogulobin ce kawai. Ƙwayar cutar ke shigowa da nata cikin, wata jaka mai tsami irin laisosom, ta narka himogulobin a ciki, ragowar mai guba ta dunƙule shi ya zama wannan baƙin ɗigon. Kulorokwin da aka sha a da can cikin jakar yake taruwa ya hana dunƙulewar, gubar ta kashe ta. Namu laisosom ɗin ma tsaminsa a ma'aunin pH ya kai 4.5 zuwa 5, wajensa kuwa wajen 7.2, wato ba tsami, shi ya sa in ɗan enzayim ya tsiyayo ba ya yin ƙarfi.

Ɗalibin aji uku, Tudun Wada:
Ni dai har yau retikulum mai santsi ke rikita ni. An ce kitse yake yi, an ce dafin magani yake karyawa a hanta, an ce kalsiyam yake ajiyewa a tsoka. Wanne zan rubuta?

Tsohon malami:
Duka ukun, jikana. Ka dubi wace ƙwaya aka tambaye ka.

Sabon malami:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na sayo albasar, na kuma aro madubi ɗaya daga wani abokina, don namu ya lalace. Baba Malam, na gwada nuna tsinkewar ƙunshi da kwaɓin fulawa, na gutsuro daga wannan curi na liƙa a wancan. Yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, in kullum retikulum na gutsurar jikinsa yana aikawa, me ya hana shi ƙarewa? Na ce shi ke ƙera kitsen sabon tantani, wasu ƙunsasshen kuma daga Golji suke dawo masa. Ta ce in zana hanyar dawowar, don babu ita a kwalina. Yaya mai insulin, ko kina da zanen da ya nuna ta?