Lemar kwaɗin da ake ci a Jamus, yaya zan gane ta?

Baƙon Jamus:
Assalamu alaikum. Tun shigowar Satumba maƙwabciyata, wata dattijuwa, ke dawowa daga bakin daji da kwando cike da wata ƙatuwar lemar kwaɗi da suke kira Parasol. Takan tsoma ta a ƙwai da garin burodi ta soya, ta ɗanɗana mini, wallahi akwai daɗi. Yanzu na ga irinta a ciyawar bayan gidanmu. Da me zan tabbatar ita ce?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ci tukuna. Parasol ɗin da ake ci, wato Macrolepiota procera a sunan kimiyya, sandarta doguwa ce, da zane ruwan ƙasa kamar fatar maciji. A wuyanta akwai zobe mai kauri, in ka tura shi da yatsa sai ya hau ya sauka bai yage ba. Hular in ta buɗe takan kai santimita 10 zuwa 30. Yanka ta, cikinta fari ne kuma fari zai zauna. In ya koma ja, wata ce daban, bar ta. Kuma ka tono ta har gindi, kar ka yanke a sama. In ka ga gindin cikin wata 'yar jaka, dangin Amanita ne, su ke kashe mutane.

Ɗan Houston:
Mu a Amurka wadda ta fi kai mutane asibiti ita ce Chlorophyllum molybdites. Tsakar ciyawar gida take fitowa, sandarta sumul babu zane. Cire hular ka kife ta kan takarda ta kwana. Ka duba launin ƙurar da za ta zubo. In kore-kore ce, amai da gudawa ne. Zafi take so, har ƙasashenmu tana fitowa da damina.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ƙananan ne ke tayar mini da hankali. Lepiota brunneoincarnata kamar 'yar Parasol take, amma gubarta hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mutum zai yi awa 6 zuwa 24 garau kafin ciwo ya taso. Duk hular da ta buɗe ba ta kai santimita 10 ba, don Allah ka ƙyale ta. Ƙungiyar masana lemar kwaɗi ta Jamus, DGfM, tana da masu tantancewa, ka kai musu su gani da ido, hoto bai isa ba.

Baƙon Jamus:
Na gode ƙwarai. Na duba, tawa babu zanen. Na bar ta, ranar Asabar zan bi dattijuwar zuwa daji in koya a hannunta.