Suwica mai ƙofa biyar zan saya ko in bai wa mai gyaran rediyo ya haɗa mini?

Mai Jita Kd:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a harkar. Fedojin jita biyar gare ni, wato 'yan akwatunan da ake takawa da ƙafa su sauya sautin jita: na saita tsirkiya, Cry Baby, Tube Screamer, Boss DS-1 da DD-7. A ƙasa nake baza su duk inda muka je wasa, wuta kuma adafta ɗaya ce mai rassa. Damuwata ita ce in zan bar rakiya in shiga solo sai na taka uku a jere, in kashe ɗaya in kunna biyu, kafin in gama mawaƙi ya riga ya dawo kan baitinsa. Ga kuma wani zuuu da ke tashi duk sanda DD-7 da DS-1 suka haɗu.

Wani ya yi mini tayin Boss ES-5 na hannu, wato suwica mai ƙofa biyar da ake jona feda a kowace ƙofa don a sarrafa su da taki ɗaya, a kan naira dubu 280. A gefe guda kuma mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce in na sayo kaya zai haɗa mini akwatin alminiyam mai makunni uku, kowanne da ƙofarsa. Abin da ke hannuna bai wuce dubu 300 ba, kuma a ciki zan yi katakon ɗaurawa. Don Allah kada a ce in koma multi, wato na'ura ɗaya mai aikin fedoji da yawa, na gwada bai yi mini ba. Muna da bukukuwa bayan Sallah.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Ka sayar da su duka ka sayi multi ɗaya ka huta.

Mai Jita Kd:
Malam ka karanta har ƙasa kuwa?

Ɗan Tasha:
Na karanta farko da ƙarshe, tsakiya data ce ta ƙare. Amma taka uku a jere ai alheri ne, kana kiɗa kana rawa, sai a riƙa yi maka liƙi biyu.

Injiniya Sabongari:
Abu biyu ka haɗa wuri ɗaya, ɗan uwa. Zuuu ɗin nan ba suwica ce za ta kashe shi ba, ko ta miliyan ka saya. Daga wuta yake. DD-7 na dijital ne, yana zubo datti a layin wutar da suke rabawa, DS-1 kuma aikinsa ke nan ya ɗaga duk abin da ya shigo masa, har dattin. Gwada wannan yau: sa wa DS-1 batir mai 9V, ka cire shi daga adafta. In ƙarar ta ragu ka kama ɓarawonka, abin da kake buƙata shi ne akwatin wuta mai ware kowace mafita daban. Ka duba lissafin ma: DS-1 da Tube Screamer wutar da kowannensu ke ci ba ta wuce milliamp 10, DD-7 wajen 55, akwai manyan na dijital masu cin 300.

Batun suwica kuma, akwatin mai gyaran rediyo da ES-5 ba aiki ɗaya suke yi ba. Na mai gyaran rediyon makunni ne mai ƙafa tara, wanda ake kira 3PDT, ka taka ya tura sauti cikin ƙofa, ka sake takawa ya wuce kai tsaye. In ka jera DS-1 da DD-7 a ƙofa ɗaya, taki ɗaya zai kunna su tare. Amma ba ya tuna komai, kuma ba zai kashe wata ƙofa yayin da yake buɗe wata ba sai an yi masa wayarin na musamman. ES-5 tana ajiye tsari har 200, kuma tana iya sauya wanda ke gaba da wanda ke baya ba tare da ka zare waya ba.

Tsohon Ɗan Band:
Yaro, ji nawa kafin ka zuba kuɗinka. Ni ma haka na tara, na hana kaina abubuwa da yawa, wani mai zuwa Amurka ya taho mini da suwica mai ƙofa takwas da akwatin wuta irin wanda Injiniya ke yabo. Akwatin na wutar can ne, 120, tamu kuma 230, don haka da ƙaramin tiransifoma nake yawo, na ɗaure shi da igiyar roba a gefen katakon, har na rubuta da jan fenti KADA A CIRE.

Wani biki muka je, babban ɗakin taro, janareta ake amfani da shi. Mun gama gwaji na fita yin alwala. Ashe yaron mai sauti yana neman inda zai jona fanka, sai ya zare tiransifomar ya soka filogina kai tsaye a soket. Ina dawowa na ji ƙaurin roba tun daga ƙofa. Akwatin wuta ya tafi, ya ja suwica da feda mai amsa-kuwwa ya tafi da su. Kwan fitilarsu ko ƙyaftawa ba ya yi. Ga amarya an ce ta iso bakin ƙofa. Da jita tsirara na yi wasan, waya ɗaya zuwa amfilifaya, hannuna na rawa don baƙin ciki.

Mai sauti ya rantse shi bai ga komai ba, yaron kuma aka ɓoye shi. Uban biki da muka je karɓar cikon kuɗi cewa ya yi kiɗan bai kai yadda aka yi ciniki ba, ya zaftare kusan rabi. Na kai kayan wurin masu gyara har sun san takuna, kowa ya buɗe sai ya girgiza kai ya ce ba a samun abin da ya ƙone a nan. Suna nan ƙarƙashin gado har yau. Don haka duk abin da mai gyaran layinku ba zai iya buɗewa ya liƙa da dalma ba, kada ka ɗora abincinka a kansa.

Anti Koras:
Kai Baba, Allah ya mayar da alheri. Wallahi har jikina ya yi sanyi.

Ɗan Tasha:
Allah ya jiƙan suwica, ya ba iyalanta haƙuri. Fankar dai ta yi aiki ko?

Tsohon Ɗan Band:
Kai ba ka da kunya. Sa'an babanka ne ni.

Injiniya Sabongari:
Baba, da girmamawa, labarinka ba laifin suwica ba ne. Yanzu adaftoci da yawa a jikinsu an rubuta 100–240V, ko'ina ka soka su za su ɗauka. Abin da ya kamata yaron nan ya koya shi ne ya karanta rubutun jikin adafta, ya kuma tabbatar 9V ce mai nagetif a tsakiya, don ita fedojin Boss ke so. Ba wai ya guji kayan zamani ba.

Tsohon Ɗan Band:
Kai sau nawa ka hau dandali? A shago kake da fanka a kanka kana karanta takarda. Mu da muka yi wasa a ƙura da ruwan sama mu ne za mu faɗi abin da ke lalacewa.

Injiniya Sabongari:
Ban hau dandali ba, gaskiya ne. Amma duk abin da kuka ƙona a dandalin teburina yake zuwa.

Mai Bass Zariya:
Ku tsaya, dubu 280? An yi maka tsada. Abokina ya sayi irinta dubu 170 a Legas.

Anti Koras:
Yaushe? Don ɗan uwana ya tambaya kwanan nan a intanet, sabuwa ta haura dubu 600 kafin kuɗin kawowa. In da gaske ES-5 ce a 280, ni tsoro ma za ta ba ni, ko dai wata ƙofa ta mutu ko kuma ba ta mai sayarwar ba ce.

Mai Bass Zariya:
To an ɗan jima, kafin dala ta tashi. Kuma ina jin tasa Joyo ce.

Anti Koras:
Ka ji fa. Wata shekara daban, wani kamfani daban, amma an yi masa tsada.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajen biki da yawa ba mu san wannan wahala ba. Jita, waya, amfilifaya, sai feda ɗaya ko biyu in mutum ya samu. A fili muke wasa, rairayi na shiga ko'ina. Makunnin nan mai ƙafa tara da kuke magana, na sa an haɗa mini ɗaya jikka 15, da iskar hunturu ta taso sai ya fara ƙas-ƙas, ka taka sauti ya ɗauke sai ka sake takawa. Feda da kaya masu yawa, hanyar mutuwa ce ta yi yawa. Sauti a yatsa yake.

Mai Bass Zariya:
Jikka 15 nawa ke nan a naira?

Ɗan Tasha:
Ya danganta da wanda ka tambaya a bakin iyaka da kuma ƙarfe nawa.

Injiniya Sabongari:
Maganar Ɗan Agadas akwai gaskiya ta wani gefe. Kowace ƙofa ta suwica waya biyu take ci, ta fita da ta dawowa. Fedoji biyar waya goma ke nan, kan jak ashirin, ban da ta jita da ta amfilifaya. In na banza ka saya, ɗaya ta saki, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Sannan doguwar waya tana shanye kaifin sautin jita, shi ya sa ake son bafa a farko, wato 'yar na'urar da ke riƙe ƙarfin sautin kada waya ta shanye shi. Fedojin Boss da Tube Screamer suna da ita a ciki ko a kashe suke. In ka zuba su duka a akwatin mai gyaran rediyo mai wucewa kai tsaye, ka rufe ƙofofi, ka cire bafar ke nan daga hanya, sai ka ji jitar ta dushe ka rasa dalili. In na saita tsirkiyar naka na Boss ne ka bar shi a waje, a gaba. Kuma ka ce wa mai gyaran ya sa resista mai megohm 1 zuwa ƙasa, in ba haka ba duk taki sai lasifika ta yi ɗas.

Kafintan Tudun Wada:
Ni ban san wuta ba, katako na sani. Na yi wa mutum biyu irin wannan. Kada ka yarda da Velcro, wato maɗaurin nan mai gam da ake manne feda da shi, a garin nan, zafin bazara na narkar da gam ɗin, ka buɗe jaka ka tarar fedoji sun taru a kusurwa ɗaya. Je wurin mai gyaran keke ka karɓo tsohuwar sarƙa, a warware ta. Kowane ɗan ƙarfe huda biyu gare shi. Ka kwance kusar gindin feda ka sa huda ɗaya, ɗayar ka ɗaure a katako. Ko a bayan babur ka ɗora ba abin da zai motsa. A ɗaga bayan katakon kaɗan, wayoyi da akwatin wuta su bi ta ƙasa. Dubu 12 nake yi har fenti.

Mai Bass Zariya:
Nawa dubu 5 aka yi mini.

Kafintan Tudun Wada:
Na gan shi ai. Murfin durowa ne.

Mai Jita Kd:
Na gode ƙwarai. Na gwada batir kamar yadda Injiniya ya ce, zuuu ɗin ya ragu sosai. To yanzu in na sayi ES-5 ba sauran kuɗin akwatin wuta da wayoyi goma. In na yi na mai gyaran rediyo kuɗi zai isa amma ba zai kashe ɗaya ya kunna biyu ba. Wanda ya taɓa riƙe ES-5 ɗin da kansa ya yi magana mana, har yanzu ban ji shi ba.

Anti Koras:
Ƙanena, ko wacce ka saya, in mai sauti bai ga dama ba ba wanda zai ji ka. Mai jitarmu a coci ya kashe kuɗi ya gyara katakonsa tsaf, ranar Lahadi ya taka solo, mutumin da ke kan mikisa ya ja shi ƙasa wai yana rufe masu waƙa. Piyano kuwa har bango na girgiza.

Mai Piyano:
A bar piyano ya sha iska. Ku ne kuna gwaji da ƙaramin sauti, taro na cika ku murɗe amfilifaya har ƙarshe.

Tsohon Ɗan Band:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Masu sautin nan su ne ciwon. Mikisa a hannunsa, waya a kunnensa, ka yi masa alama ya ƙara ka ya ɗaga maka babban yatsa bai taɓa komai ba. Kuma a ba shi kuɗinsa cas tun kafin a fara, mu sai an kwashe kujeru muna tsaye muna jiran uban biki.

Mai Sauti Kn:
Ina karantawa tun ɗazu na yi shiru. Baba, ku kuke zuwa da waya mai tsatsa da soket ɗin da aka naɗe da leda, in ta yi ƙara ku ce mu ne. Kuma wa ya ce ana biyanmu tun farko? Akwai bikin da har yau ina bin kuɗin man janareta.

Ɗan Tasha:
Oga tsakani da Allah, kai ne mai fankar?

Mai Sauti Kn:
Ban taɓa ganin Baba ba. Amma duk mai kayan 120 da ya bar su a jone ya fita, ban san me yake so a ce ba.

Tsohon Ɗan Band:
Alwala na je! Da jan fenti na rubuta!

Mai Jita Kd:
Jama'a mai ES-5 ɗin ya kira, wai wani ya taya dubu 290, zuwa gobe da yamma yake jira.

Mai Bass Zariya:
Ƙarya yake, ba wanda ya taya. Ni dai abin da nake son sani, kashi nawa ya kamata a riƙa karɓa kafin a sauke kaya daga mota? Mu rabi muke cewa, amma in dangin abokinka ne sai ka ji kunya.

Mai Sauti Kn:
Rabi ba ya isar mai. Kashi 70 ko kaya su kwana a mota.