Wanda ya taɓa jin ciwo a wajen aiki, an biya ka ko "Allah ya kiyaye gaba" kawai aka ce?

Ɗan Dakata:
Salam jama'a. Kullum sai ka ji inji ya ci hannun wane, wane ya faɗo daga saman gini, wane wuta ta ja shi, amma ni dai har yau ban taɓa zama da mutum ɗaya da ya ce min an biya shi diyya ba. Ana ta cewa akwai doka. To wanda abin ya faru da shi ko da wani nasa ya zo ya faɗa mana yadda aka ƙare, dan Allah banda kama sunan kamfani kar mu ja wa kowa magana.

Mai aikin roba:
Wslm. Ni ya faru dani, yatsu biyu na hannun dama. Kamfanin roba ne, aikin dare nake, injin da yake buga bokiti roba ta makale a ciki nasa hannu zan cire, dama murfin da yake tsayar da injin idan an bude ya dade da lalacewa an daure shi da waya saboda kar aiki ya tsaya, kowa ya sani har fomen. Wlh ban ma ji zafi ba da farko, sai da naga yaron dake kusa dani ya dora hannu aka. Tsumman goge mai aka nade min hannun dashi aka sa leda aka tare adaidaita sahu. Gaskiya kudin asibiti sun biya bazan musu karya ba. Bayan an sallame ni manaja ya kira ni ofis ya bani ambulan, kudin ciki basu kai albashin wata uku ba, ya turo takarda da turanci yace in dangwala, da na hagu na dangwala tunda na daman yana nade. Suka maida ni bakin get ina bude kofa, da aka kwana biyu akace ai ni ba ma'aikacinsu bane dan kwangilar da ya kawo mu shine ubangidana, shi kuma lambarsa ta daina shiga.

Tsohon akawu:
Subhanallah, sannu ɗan'uwa, Allah ya sa kaffara ce. Na yi shekaru ina haɗa takardun albashi, bari in faɗi abin da ya shafi maganarka. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2010 ce, zamanin Jonathan aka sa mata hannu, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, kuma hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke riƙe da asusun diyyar. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, haramun ne a dokar ya cire ko kwabo a albashinka da sunan wannan. Maganar wai kai ba ma'aikacinsu ba ne, dokar ba ta ce sai mai takardar ɗaukar aiki ba, ta ambaci na wucin gadi, da mai koyon aiki, da wanda da baki aka ɗauke shi, har ɗan aikin gida in dai ba ɗan gidan ba ne. Ita kuma takardar da ka dangwala, in abin da ke ciki shi ne ka yafe haƙƙinka na diyya, dokar ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da wani amfani, ko ka sa hannu ko ka dangwala. Inda ake cin mutane shi ne lokaci. Kai za ka sanar da wajen aikinka cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto hukumar cikin kwana 7, sannan neman diyyar kanta cikin shekara ɗaya ake shigarwa. Da yawa ana lallaɓa su da ɗan kuɗin cefane da "za mu duba" har shekarar ta wuce.

Birkila:
Baba akawu maganarka tana da kyau a takarda amma mu masu aikin gini wace hukuma ta san da zamanmu? Da safe ka tsaya a bakin titi da cebur a ɗauke ka, da yamma a ƙirga maka kuɗinka. Ni ranar zuba kankaren saman bene na faɗo, katakon da muke takawa ne ya karye da ni da kwanon kankare a kai, ƙafa ta karye a ƙauri. Ba asibiti aka kai ni ba, gidan mai ɗori aka wuce da ni. Ogan namu kuma ba baƙo ba ne, shi ya koya min riƙe cokalin gini tun ina yaro, shi ya tsaya min a aurena. Duk Juma'a yana zuwa da ɗan abin da ya samu, da azumi ya aiko da shinkafa da suga. Yanzu shi zan kai ƙara? Da wane ido zan kalli mahaifiyata? Tsautsayi ne kuma ba ya wuce ranarsa. Abin da dai ya tsaya min a rai mai ginin ne, Alhajin da muke wa aikin, bene hawa uku yake ɗorawa amma ko sannu bai aiko ba, da aka gaya masa cewa ya yi shi jinga ya bayar.

Mai walda:
Malam birkila ba wanda ya musa kaddara, amma katakon da ya rube ai ba daga sama ya fado ba wani ne yaki sayen sabo. Mu nan ana walda da bakin gilashin dari biyar, dare yayi ido kamar an zuba yashi, sai a ce ka diga madara. Duk wanda yace a sayo abin kare fuska sai a ce ya fiye tsoro.

Birkila:
Haka ne. Ƙafar ma ta haɗe a karkace, daga baya sai da na je Asibitin Ƙashi na Dala aka yi hoto aka gyara, da kuɗin gonar gado.

Maman yara huɗu:
Assalamu alaikum. Ɗan Dakata ka ce ba ka taɓa ganin wanda aka biya ba, to ga ni, sai dai ni mijina na rasa. Direban kamfani ne yana kai kaya, hatsarin a hanyar Zariya ya faru yana cikin aiki. Ina cikin takaba wata mata daga ofishinsu ta zo gaisuwa ta ja ni gefe ta ce Maman yara kar ki bari takarda ko ɗaya ta ɓace, kamfanin yana zuba kuɗin nan kuma sun riga sun kai rahoto. Ni a lokacin ko fahimtar ta ban yi ba. Ƙanina ne ya yi ta zirga-zirgar, takardar shaidar rasuwa, rahoton 'yan sanda, shaidar aure, takardun haihuwar yara, hotuna, lambar asusun banki. Ta auren ce ta ba mu wuya don mu a masallaci aka ɗaura ba wanda ya rubuta komai, sai da aka je kotu aka yi rantsuwa. Yanzu wata-wata ake turowa kuma da shi yaran ke makaranta Alhamdulillah.

Rigimar ma a cikin gida ta taso. 'Yan'uwansa sun ji an ce diyya sai suka ɗauka dunƙulallen kuɗi ne za a ajiye a tsakar gida a raba. Akwai wani kuɗin daban na inshorar rai wanda aka bayar a dunƙule, wannan an zauna da malamai an raba kowa ya samu rabonsa. Da aka zo kan na wata-wata sai da wan mijin nawa ya je ofis da kansa aka yi masa bayani cewa na waɗanda mamacin ke ciyarwa ne. Har yau matarsa ba ta amsa gaisuwata sosai, na bar ta da halinta.

Tsohon akawu:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya raya abin da ya bari. Abubuwa biyu ne kamar yadda kika ce. Inshorar rai a dokar fansho ta 2014 take, aƙalla ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Na wata-watan kuma na dokar 2010 ne, matar da aka bari da yara biyu ko fiye kashi 90 cikin 100 na albashinsa dokar ta yanka mata. Kuma ba sai a cikin kamfani ba, ko a hanyar zuwa aiki daga gida ko komawa abin ya faru yana ciki.

Na Challawa:
Ni tawa matsalar ba ranar da zan nuna in ce yau ne na ji ciwo. Shekara da shekaru ina majema cikin ruwan kemikal, safar hannu in ta huje sai ka jira a ga dama a sake ba ka, hannuwana duk sun tsattsage ga tari da baya jin magani. Wani abokina kuma a ɗakin janareto yake, yanzu sai ka ɗaga murya yake ji, matarsa tana cewa wulaƙanci ne yake mata. Irin namu fa, wa zai yarda aiki ne ya jawo?

Tsohon akawu:
Ciwon da aiki ke jawowa a hankali yana cikin dokar, raunin ji ma an ambace shi da kansa. Amma sai da rahoton likita, ka je babban asibiti ka gaya wa likitan ainihin aikin da kake da abin da kake taɓawa ya rubuta a fayil. Maganin kemis ba ya barin shaida.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, ke riƙe da wannan harka, in patron, wato ubangidanka, ya yi maka rajista kana da lamba to in ka ji ciwo wurin aiki su ke ɗaukar magani su biya ka kwanakin da kake kwance. Ni buhu ya zame mini daga saman mota ya buge kafaɗa, da yake ina da lamba ban sha wuya ba. Amma 'yan dako da muke lodi tare da su ba mai lamba ko guda, in abu ya samu mutum sai dai mu yi karo-karo a tasha.

Mai aikin roba:
Baba akawu nawa watan azumin da ya wuce ne, shekara bata cika ba. Amma bani da katin aiki sun karbe a get, sai katin asibiti da sakon banki na albashi a waya, kuma sunan dan kwangilar ne yake fitowa ba na kamfanin ba.

Tsohon akawu:
To kar ka goge saƙon ko ɗaya, ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani ya ajiye maka. Ka koma asibitin ka nemi rahoto a rubuce, a fayil ɗinsu akwai wanda ya kawo ka da wanda ya biya kuɗin, wannan shaida ce babba. Yaron da yake kusa da kai a daren ka nemi lambarsa tun bai bar aikin ba. Sai ka ɗauki duka ka je ofishin NSITF na Kano da kanka, ka biya ta ofishin ƙwadago ma, in ta kai ga shari'a kotun ma'aikata ce ke sauraron irin wannan. Ka tafi da wanda ya iya karatu, kuma duk takardar da za ka miƙa ka yi fotokwafi ka riƙe ɗaya.

Mai walda:
Baba mu da muke aiki a karkashin oga a bakin titi mu shida, shi zai je yayi mana rajistar ko mu zamu hada kai muje?

Tsohon akawu:
Shi ne zai yi, tunda shi ke biyan ku. Ku same shi ku shidan a tare ranar da aka samu ciniki, kar mutum ɗaya ya je.