Ɗiyata za ta Rasha karatu: in saya mata kayan sanyi a nan ko sai ta isa can?

Maman Hafsa: Assalamu alaikum jama'a. Ɗiyata ta samu gurbin karatun likitanci a Kazan, ƙasar Rasha, ƙarshen Oktoba za su tashi in Allah ya yarda. Yarinyar nan ko hunturunmu na Birnin Kebbi sai ya kwantar da ita da mura, balle inda aka ce ƙanƙara ke zuba. Na ware naira 150,000 don kayan sanyi. Da na duba a intanet kaina ya ɗaure: wata riga an rubuta 12, wata 40, wata 46, wata 170/92A, kuma kowace mai sayarwa cewa take za ta yi mata daidai. Tela ya auna ta, ƙirji inci 36, doguwa ce siririya, takalmi 39 take sawa. In shiga gwanjo a nan, in yi oda, ko in ba ta kuɗin ta saya a can? Ku tuna abaya da hijabi take sawa, ba na son abin da zai matse ta.

Ummu Sadik: Masha Allah, Allah ya sa albarka ya ba da sa'a. Hajiya ki haɗa mata man kaɗanya da yawa da citta da kanumfari. Yaji ma kada ki manta, an ce abincinsu salam yake.

Baban Gwanjo Jega: Hajiya ki taho Jega ranar kasuwa ki huta da wahala. Dilar rigunan sanyi lamba ɗaya munka kwance, masu gashi ga wuya. Dubu 18 guda, in kin ɗauki biyu mu yi ragi. Ba ruwanki da lamba, yarinya ta zo ta gwada, wadda ta shiga ita ta nata.

Anti Luba: Dubu 18? Alhaji a ji tsoron Allah. Makon jiya na saya wa mijina a babbar kasuwar Birnin Kebbi dubu 9.

Baban Gwanjo Jega: Suwaita kinka saya Hajiya, ba jaket ba. Mai dubu 9 ta ɗan acaba ta da asuba.

Nasiru Kalgo: Ni a Kofar Wambai ta Kano dubu 35 aka ce min, kuma ba ta kai nauyin da nake so ba. To wa za a yarda da shi?

Injiniya Ɗan Yauri: Bari in ba ku labarina, don duk mai cewa a saya a nan bai san abin da yake faɗa ba. Kafin yaƙi a Kharkiv na yi karatu, a Yukren. Da zan tafi, ƙanen mahaifina, wanda iyakar tafiyarsa Makka ce, ya ce shi zai yi min sayayya. Ya kai ni wurin wani mai gwanjo abokinsa, aka zabga min manyan riguna uku da takalmi sau ciki mai sulɓin ƙasa. A filin jirgi kaya suka haura kilo, na biya kuɗin ƙari daga guzurina. Na isa, sanyin farko ya sauko, sai na gane duk rigunan nan na ruwan sama ne, irin na Ingila, ledar waje ce da shafi marar kauri. Iska na ratsa su kai tsaye. Zif ɗin ɗaya ya tsinke a mako na farko, ɗayar hannunta bai kai wuyan hannuna ba duk da an rubuta XL. Ranar da na fita neman wata, ruwan da ya kwanta a bakin hostel ya daskare, takalmin nan ya kwashe ni, na faɗi a kan hannun dama, ƙashi ya tsage. Da hagu na rubuta jarrabawar farko, na faɗi kwas biyu. Na kira gida ina kuka, baffan nawa ya ce ai yaran yanzu raki gare su, shi a Mina ya kwana a waje. Har yau in hunturu ya shigo hannun nan sai ya yi min tsami. Kuma har yau bai ce min yi haƙuri ba, shi da mai gwanjon suna nan suna shan shayi tare.

Ummu Sadik: Innalillahi. Sannu Injiniya. Allah ya ƙara sauƙi.

Anti Luba: Kai amma baffan nan bai kyauta ba. Irin mutanen nan da ba a isa a ce musu ba su sani ba. Mijin yayata ma haka yake, komai shi ne gwani.

Baban Gwanjo Jega: Injiniya kada ka yi muna kuɗin goro. Wanda ya sayar maka bai san kaya ba. Akwai dilar Kanada, akwai ta Ingila, akwai ta Koriya, kowace da irin sanyin ƙasarta. Shekara ashirin ina wanga sana'a, da hannu nika gane mai gashin agwagwa a ciki.

Injiniya Ɗan Yauri: Shekara ashirin a rumfa a Jega, Alhaji. Ka taɓa tsayawa jiran bas a awo 20 ƙasa da sifili?

Bakatsinen Argungu: Ku bar Bakabe da batun sanyi. Mutumin da ke faɗawa Matan Fada da gora da homa yana neman giwan ruwa, ƙanƙara za ta ba shi tsoro? Hajiya ki ba ta gora kawai, an ce Kazan ma a bakin kogi take.

Nasiru Kalgo: Kai kuma mai zuwa cin arziki, wa ya sa da kai? Ku da ko rijiya tsoronta kuke.

Maman Hafsa: Na gode ƙwarai, sannu Injiniya da wannan wahala. Amma don Allah batun lambobin nan fa? Har yanzu ban san 40 zan nema ko 46 ba.

Malama Zainabu (Manchester): Yaya, lambobin duk kusan riga ɗaya suke nufi, ƙasashen ne kowa da ƙirgensa. Abin da Ingila ke kira 12, Amurka 8 take ce masa, Faransa 40, Jamus 38, Italiya 44. Shi ya sa in kin ga 40 kawai ba ki san komai ba sai kin san ƙasar da aka ɗinka don ita. S da M da L ma ba abin dogaro ba ne, XL na China sau da yawa bai wuce M ko L na Turai ba, kuma hannunsa gajere ne. Ki riƙe awon tela ki mayar da shi santimita, inci ɗaya 2.54 ne, inci 36 ya zama kusan 91 da rabi. Da shi za ki duba jadawalin kowane kamfani. Shawarata ki yi oda daga nan, akwai shaguna masu araha, wani mai zuwa gida ya taho miki da su.

Injiniya Ɗan Yauri: Malama da girmanki, lissafinki daidai ne, shawararki ce ba daidai ba. Sanyin Manchester ruwa ne da iska, da wuya ya daɗe ƙasa da sifili. Rigar da ta ishe ki ita ce irin wadda ta karya ni.

Malama Zainabu (Manchester): Takalmi ne ya kayar da kai ba riga ba, kai da bakinka ka faɗa. Kuma shekarata nawa a ƙasar sanyi, ina da 'ya'ya uku da nake shiryawa makaranta kullum cikin duhu. Ba sai na karye ba kafin a saurare ni.

Ɗan Zuru: Ni na yi bautar ƙasa a Jos, sanyi ba baƙona ba ne. Suwaita biyu da hular sanyi sun isa ko'ina a duniya.

Bakatsinen Argungu: To ga wanda ya yi Jos ya iso, a tashi taro.

Dakta Asma'u: Mama ina wuni. A Kazan na gama, bari in faɗi abin da na gani. Lambar Rasha ita ce mafi sauƙi: rabin kewayen ƙirji ne da santimita. Ƙirji 92, lamba 46. Ta China kuma 170/92A na nufin tsawo 170, ƙirji 92, harafin A na matsakaicin jiki. Amma babbar rigar waje ta ɗauki 48, saboda za ta sa kaya biyu ko uku a ciki. Takalmi kuma lambar Rasha kan gaza ta Turai da ɗaya, 39 ɗinta zai iya zama 38 a can, sai dai ta ƙara lamba ɗaya don safa mai kauri. In takalmi ya matse, jini ba ya gudu, yatsu su ne farkon daskarewa. Dole ya zama mai gashi a ciki, ƙasansa mai kaushi.

Ƙarshen Oktoba sanyi na kusa da sifili ne, mai tsananin sai Disamba zuwa Fabrairu. A Janairu 10 ƙasa da sifili abin yau da kullum ne, wani lokaci ya kai 25 ko ya wuce. Saboda haka tana da lokaci. A nan ki saya mata abin sauka daga jirgi kawai: jaket ɗaya matsakaiciya, suwaita biyu, safar hannu, safar ƙafa ta ulu, da dogon wando mai kama jiki na sawa ƙarƙashin abaya. Babbar riga da takalmi ta bari sai can. Akwai shagunan intanet na Wildberries da Ozon, ana oda a waya, kaya su zo shagon karɓa na unguwa, akwai ɗakin gwaji, wanda bai yi ba ta mayar nan take. Na ciki kada ya zama auduga, tana riƙe gumi, in ta jiƙe ita ke jawo sanyi. Cikin gini kuwa zafi ne, ana kunna hita ta gari gaba ɗaya tun kaka, shi ya sa kaya hawa-hawa suka fi guda ɗaya mai nauyi, tana shiga ta rage. A makaranta akwai wurin ajiye riguna a ƙofa, ta tabbata tata na da ɗan madauki a wuya, matan da ke karɓa suna faɗa in babu.

Batun hijabi ki kwantar da hankali. Kazan babban birnin yankin Tatarstan ne, Musulmi da yawa, ga masallacin Kul Sharif a tsakiyar gari, ana samun dogayen riguna har ƙasan gwiwa. Abaya dai kada ta ja ƙasa, jiƙewa take ta daskare. Ni rubul 6,000, kuɗin Rasha, na sayi babbar rigata ta sanyi.

Abban Kamba: Dakta yaushe rabonki da can? Ɗana na Rasha yanzu haka, ya ce min ƙasa da rubul 15,000 babu ta kirki. Ko dai yaron nan cuta ta yake?

Bakatsinen Argungu: Alhaji ka tambaye shi ko rigar da waya sabuwa take zuwa.

Dakta Asma'u: Baba kaya sun tashi, kuma ya danganta da shago. Abin da na manta: tun Maris 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba ya aiki a Rasha. Dala za ta riƙe a hannu, sababbi marasa lanƙwasa ko tabo, bankunansu na ƙin tsofaffi.

Nasiru Kalgo: To in an canza 150,000 zuwa dala nawa za ta rage? Ko takalmin ba na jin za ta saya. Nan Alhajin Jega ya ci gari.

Baban Gwanjo Jega: Mu ma ba daɗi muka ji ba. Tun da anka rufe boda a 2019 dila ba ta koma kuɗinta ba, anka sake rufe ta Nijar a 2023, ga dala. Abin da ka shigowa ta Kamba da sauƙi da, yanzu kowace shinge sai ka aje wani abu.

Abban Kamba: Ni ba dila ce damuwata ba. Hajiya, tallafin karatu ta samu ko ku za ku biya? In tallafi ne, kada ki kashe ko sisi da sunan alawus na zuwa. Waɗanda suka tura ɗana sun yi mana taro da jawabi da hoto, aka ce duk wata uku kuɗi zai shiga. Hunturu guda yaron nan ya yi yana aron riga wurin wani ɗan Ghana, in ɗaya ya fita ɗaya ya zauna a ɗaki. Gonata ta fadama na jinginar na tura masa, ta hannun wani mai canji da ya ci kusan kashi ɗaya cikin goma.

Ummu Sadik: Wallahi haka aka yi wa ɗan yayata a Maroko. In ka je ofis a ce fayil na sama, in ka koma a ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Malama Zainabu (Manchester): Iyaye ma da laifinsu, ba a haɗa kai. Kowa sai ya bi ta wurin wanda ya sani a ɓoye, in an biya nasa ya yi shiru.

Abban Kamba: Malama kina Ingila kina ba mu laifi. Mun haɗa kai, mun rubuta takarda, mun yi hayar mota. Wanda muka naɗa shugaban iyaye, da aka biya na ɗansa, ko waya ya daina ɗauka.

Ɗan Zuru: Alhaji wane mai canjin ne ke cin kashi goma? Ina da wani a Sakkwato, kashi shida yake karɓa.

Abban Kamba: Shida a baki. Tura ka gani nawa za ta isa.